Hester Tibbet da Takunkumin Margery

Hester Tibbet ba ta taɓa kwana a wani gari ba in ba Orsby ba. In ka tambaye ta dalili, sai ta nuna maka hasumiyar coci da haɓa, ta ci gaba da ferar dankalinta. Gidansu yana jingine da katangar maƙabarta, kuma tun kakan kakanta mabuɗin hasumiyar nan a aljihun wani Tibbet yake kwana. Ba sarauta ba ce, balle wani ya yi hassada. Aiki ne na shafa mai, da canja igiya, da korar tattabaru, da shan zagi duk ranar da wata ƙararrawa ta yi gardama.

Cocin namu faci ne a kan faci, kuma ba ma jin kunyar hakan. Bangon kudu da 'yar ƙofarsa mai zagayayyen kai su ne mafi tsufa. Aikin Normawa ne, mutanen da ko ɗakin addu'a za su gina sai sun yi masa kaurin ganuwa, taga kuwa 'yar tsaga kawai. Ƙofar arewa an toshe ta da duwatsu tun shekarar annoba, har yau ba wanda ya ga dalilin buɗe ta. Kusa da bagade, teburin ibada da ke gaban coci, akwai wani jarumi da aka sassaƙa da dutse a kwance da karensa a ƙafa, ba hanci, don sojojin yaƙin basasa sun bi duk wata fuska da ke cikin ginin da guduma. Hasumiya ce auta. Fataken ulu ne suka gina ta lokacin da tumaki suka yi musu rana, suka cilla ta sama don ƙauyen da ke tsallaken rafi ya gani ya ji haushi. Amma da aka zo kan matakala sai rowa ta motsa. Suka manna wata 'yar siririya mai murɗewa a kusurwar arewa, suka yi mata ƙofa ta waje, ta yadda wanda ke cikin coci ba ya ganin mai hawa. Na daɗe ina jin haushin fataken nan, kuma za ku ji dalili.

Uban Hester shi ne Enoch Tibbet. Ɗa namiji ya so ya gaje shi, ya kuwa samu, sai yaƙin duniya na farko ya tafi da yaron tare da rabin masu jan igiyar ƙauyen, bai dawo da shi ba. Hester tana 'yar shekara goma sha shida uban ya dube ta wata safiya, kamar yau ya fara ganinta, ya ce ta ɗaure gashinta ta biyo shi.

A can sama ya nuna mata su, ƙararrawa shida, rataye baki ƙasa a cikin manyan gumaguman katako. Kowace tana da ƙaton wili a gefenta, igiya ta naɗe wilin ta bi ta wani rami ta sauka har ƙasa, inda masu ja suke tsayawa.

"Yanzu barci suke," in ji Enoch. "Kina iya zama a kansu ki ci burodinki. Amma kafin a kaɗa su sai an tashe su. A yi ta lilo da su da igiya har su juye baki sama, su tsaya cak." Ya nuna mata wata sanda da ba ta fi damtsenta kauri ba. "Wannan makari ne. Yana hana ta faɗawa baya. Gaba kuwa ba abin da ke riƙe ta. In tana tsaye, yatsa ɗaya ya isa ya kifo da ita, ko daga nan, ko daga igiya a ƙasa." Sai ya dafa babbar cikinsu. "Wannan ita ce Margery. Ta fi dokin noma nauyi, kuma ba ta san Tibbet ba, ba ta san Rabaran ba. In suna tsaye, ba a shigowa nan. Maimaita."

Ta maimaita. Bayan 'yan watanni ta manta hularta a sama, ta lallaɓa ta hau ta ɗauko alhali suna tsaye, ta sauko ta tarar da shi a ƙofa. Marin da ya yi mata ranar shi ne na farko kuma na ƙarshe.

Haka rayuwarta ta miƙe. Uwarta ta rasu, ta ɗauki girki da wanki, da kaji a bayan gida, da gugar rigunan Rabaran. Wani mahauci daga garin kasuwa ya yi ta zarya shekara biyu, mutumin kirki mai jan kumatu, har ranar da ya ce sai dai ta koma garinsu. Ta tambaye shi ƙararrawa nawa cocinsu ke da ita, ya ce ɗaya, ita ma a tsage. Maganar ba ta ƙara tashi ba. Da shekaru suka ja, ƙarar ƙarfe ta cinye kunnen Enoch sarai, Hester ta zama shugabar masu jan igiya. A gida in tana son ya waiwayo sai ta buga ƙafa a katakon daɓe, ya ji a jikinsa, sannan ya karanci bakinta. Ranar Lahadi kuwa yakan zauna a benci a gindin hasumiya, ya shimfiɗa tafinsa a jikin bango, ya saurari kiɗan ta cikin dutse. In wani ya yi lattin bugu, zai sani, kuma zai faɗa a gaban kowa.

Abu ɗaya ne bai saki ba, mabuɗi. Hester ta sa Wilf Sallow maƙeri, wanda shi ne mataimakinta a wurin igiya, ya ƙera mata nata, amma na asali yana aljihun tsoho. A hunturun da ya cika tamanin ya zame a matakala ya fasa goshi, likita ya ce hawa ya ƙare. Ta miƙa hannu ta ce ya kawo.

"Ranar da za a fitar da gawata daga gidan nan, ki laluba aljihuna," in ji shi. "Kafin nan, cire hannunki."

Wannan 'yan shekaru ne bayan yaƙin duniya na biyu, Hester ta haura hamsin.

Sai Amos Garrod ya mutu. Amos shi ne ya ja igiyar Margery tun suna samari shi da Enoch, kuma tun suna samari ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Enoch ya ce Amos yana ja kamar mai jan ɗan maraƙi daga cikin saniya, Amos ya ce Enoch yana shafa mai kamar daga jininsa ake tatsa. Kullum da yamma suna zaune benci ɗaya a gidan giya suna wannan. Aka sa jana'iza ranar Asabar da la'asar. A safiyar ranar kuma akwai ɗaurin auren 'yar Mista Cobbold, mai gonar da ta fi kowace girma a Orsby.

In mai jan igiya ya mutu, ba a kaɗa masa ƙararrawa a buɗe. Akan ɗaura wa harshen kowace wani takunkumin fata a gefe ɗaya, sai bugu ɗaya ya fito da ƙarfi, na biyu ya fito can ƙasa-ƙasa, kamar daga nesa ake amsawa. Duk wanda aka yi wa wannan a Orsby cikin shekara sittin, hannun Enoch ne ya ɗaura. Shi ya sa daren Juma'a Hester ta zauna a gabansa, ta buɗe baki sosai don ya gani.

"Baba, gobe akwai biki da safe. In mun gama, mu kwantar da su, ni zan hau in ɗaura wa Amos. Ka ji?"

Ya kalli bakinta har ta gama, ya mai da idonsa kan wuta. Ta ɗauka ya yarda.

Asabar ta waye da rana mai kyau. Suka tashi ƙararrawa shidan, suka kaɗa wa amarya har ta shiga coci, sannan suka tsai da su baki sama, suka naɗe igiyoyi. Haka ake yi a kowane biki, don in an gama ɗaurin aure a sake kaɗawa ango da amarya su fito cikin amo. A tsakani mazan suka tsallaka gidan giya su jiƙa maƙogwaro, Hester kuma ta leƙa gida ta ga ko tsoho ya sha shayinsa.

Shayin yana nan ya huce. Kujerarsa ba kowa. Ta ɗaga kai ta dubi ƙusar da ke bayan ƙofa, inda jakar takunkumi take rataye don kada ɓeraye su ci fatar, ta ga ƙusa kaɗai.

Ba ta san lokacin da ta haye katangar maƙabarta ba. Ta zagaya ta arewa, ta cikin doguwar ciyawa inda ba mai bi, ta tarar da ƙofar matakala a buɗe, sandarsa a jingine a gefe, a natse, kamar yadda yake ajiye ta tun da can. Daga cikin coci ana rera waƙar ƙarshe.

Zuciyarta ta ce ta hau. Ƙafarta ta fi zuciyar hankali, ta kai ta gindin hasumiya tukuna. Mazan sun dawo suna goge baki, Wilf har ya ɗaga hannu zai kwance igiyarsa.

"Wilf, sauke hannunka."

"Sun kusa fitowa fa."

Ta ja shi gefe, ta yi ƙasa da murya. "Baba yana sama."

Jinin fuskar Wilf ya ɗauke. Ya ɗaga kai ya dubi ramukan da igiyoyi suka bi. "Shi da ya koya mana?"

"Kada kowa ya taɓa igiya sai na sauko. Kuma kada ka faɗi dalili."

"Hester, Cobbold zai cinye ni ɗanye."

"Ka ce ni na ce a jira."

A nan ta yi kuskure, kuma kuskure ne irin namu. Mu mutanen Orsby gara gida ya kama da wuta da a ce maƙwabci ya san abin da muke dafawa. Ba ta so a zauna a gidan giya a ce Enoch Tibbet ya rikice har ya taka dokar da ya mari 'yarsa a kanta. Sai ta rufa masa asiri, ta bar Wilf da igiya shida da baki a ɗinke.

Matakalar nan ba a yi ta don mace mai ciwon gwiwa ba. Kafaɗunta suna gogar bango hagu da dama, kowane dutse ƙafafun mutanen da suka shuɗe sun ƙwaƙule tsakiyarsa, ga santsi. Ta wuce 'yar tsagar da haske ke shigowa, inda wani magini ya sassaƙa alamarsa, ta wuce ɗakin agogo, ta kama tsanin katako. Numfashinta yana fita da ƙara. Ba ta ji ƙarar komai daga sama ba, kuma wannan shirun shi ne abin da take roƙon Allah ya ɗore.

Ta tura kanta ta ƙofar rufin a hankali.

Haske yana shigowa layi-layi ta tsakanin allunan taga. Duka shidan suna tsaye, bakuna a sama. Can ƙurya ta hango shi. Ya hau kan gungumen da ke bayan Margery, ya kwantar da cikinsa a kan leɓenta, kansa da hannuwansa biyu suna cikin bakinta, yana fama da igiyar fata. Ashe ya san suna tsaye. Ba rikicewa ba ce, ganin dama ce, ya ga in ya jira 'yarsa za ta riga shi. Kuma ya tsaya daidai gefen da nauyinsa ke tura ta gaba. Hester ta dubi makari, ta ga duk lokacin da tsoho ya ƙara miƙewa, sandar tana ɗan rabuwa da mazauninta, ta koma. In Margery ta tafi, zai bi ta ya faɗa cikin ramin da take lilo, ta dawo ta same shi.

Kira ba shi da amfani. Buga ƙafa, wanda shi ne kiransu na gida, a nan zai girgiza katakon da duka shidan ke kai. In ta zagaya ta taɓa bayansa zai zabura, zaburar kuwa ita ce turawar. Ta tsaya da rabin jikinta a cikin ƙofa.

Sai ta cire takalmanta. Ta tattare siket ɗinta ta cusa a ɗamara, ta hau gungume. Hanyar ta bi ta tsakanin ƙararrawa biyu, kowace a tsaye, tazarar ba ta fi faɗin jikinta ba. Ta riƙe hannuwanta a ƙirji, ta bi a karkace, tana jan ƙafa a kan kashin tattabaru. Gwiwar hannunta ta shafi ƙarfe mai sanyi, ta daskare, ta jira. Ba abin da ya motsa. Ta ƙarasa gaban Margery, gefen da za ta faɗo in ta tashi faɗowa, ta dasa ƙafafunta, ta sa kafaɗarta a jikin wilin, ta tura.

Ba ta yaudari kanta ba. Muddin Margery tana kan daidaito, kafaɗar mace tana iya riƙe ta. In ta wuce nan ko da kaɗan, ba kafaɗar da za ta tsai da ita, kuma Hester ce ta farko a hanyarta.

A ƙasa waƙa ta ƙare. Ta ji an buɗe babbar ƙofa, ta ji hayaniyar mutane suna fita, sannan hayaniyar ta fara raguwa, don kowa ya ɗaga kai yana jiran abin da bai zo ba. Ba a taɓa fitar da amarya a Orsby cikin shiru ba. Can sai muryar Mista Cobbold ta biyo ramin igiya ta hau, tar kamar yana gefenta.

"Wilf Sallow, me kuke jira?"

"Hester ce ta ce a dakata, Mista Cobbold."

"A dakata wa? Ga 'yata can a bakin ƙofa tana raba ido, dangin miji suna kallonmu. Giyar da kuka sha ce ta kashe muku hannu?"

"Don Allah ka ɗan yi haƙuri."

"Ina Hester ɗin?"

Wilf ya sake cewa a dakata, don an hana shi faɗin dalili.

"To, matsa. Na ja igiya ina saurayi, ban manta ba. In ku ba za ku kaɗa wa 'yata ba, ni zan kaɗa."

Aka yi wata 'yar kokawa, benci ya faɗi. Sai Hester ta ga igiyar Margery, wadda ke kwance sako-sako a jikin wili dab da kuncinta, ta miƙe. Ta ji nauyi ya sauko mata a kafaɗa, ƙafarta ta zame kaɗan, makari ya rabu da mazauninsa har tana ganin haske a tsakani. Tsoho bai ji komai ba, yana can ciki yana ƙulli.

Kurumtar da ta hana ta kiransa ita ce ta ba ta damar buɗe murya. Ta juya bakinta wajen ramin, ta kwarara ihun da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta.

"Saki igiyar nan! Babana yana cikin Margery!"

Hasumiya ta ɗauki maganar ta watsa ta tagogi huɗu. Na cikin coci sun ji, na maƙabarta sun ji, har masu tsaye a ƙofar gidan giya. Asirin da ta so ta rufe, ita da kanta ta shelanta shi ga ƙauye da baƙinsa. Igiya ta saki. Nauyin ya ragu, bai tafi duka ba.

Ko motsin ne ya ji a cikinsa, ko ƙullin ne ya kai inda yake so, Enoch ya ɗago kai. Fuskarsa ta yi ja, jijiyoyin wuya sun tashi. Ya gan ta a tsallaken bakin ƙararrawa, ya ƙifta ido.

"Ke, me kike yi a nan?" Ya yi maganar da ƙarfi irin na kurame. "Ba ki ga suna tsaye ba?"

Ta buɗe baki sosai. "Ja da baya, Baba."

"Fita daga nan."

"Sai ka fita."

"Ban gama ba. Saura ƙulli ɗaya."

"Baba, ɗauke cikinka daga kanta. A hankali."

Sai idonsa ya sauka daga bakinta zuwa kafaɗarta. Ya ga inda ta sa ta, ya ga ƙafafunta ba takalmi. Ya waiwaya ya dubi makari. Ba wanda ya fi shi sanin ma'anar abin da ya gani, shi da ya sassaƙa sandar da hannunsa. Duk da haka, Enoch Tibbet ne. Ya sake sa hannu ɗaya ciki, ya ja bakin fatar, ya cusa, Hester tana jin kowane motsinsa a ƙashinta.

"Wannan ɗaurin nawa ne da Amos," ya ce. "Ba za ki taɓa shi ba."

"Ba zan taɓa ba."

"Ki ɗaura sauran biyar. Wannan ki bar shi yadda na bar shi."

"Na ce ba zan taɓa ba. Ja da baya."

Ya dafa gungumen sama, ya ɗaga cikinsa kaɗan-kaɗan. Margery ta koma ta zauna a kan makarinta da wata 'yar ƙara, kamar an rufe akwati. Hester ta ɗauki lokaci kafin ta iya raba kafaɗarta da wilin.

Ita ta fara shiga matakala, da baya, tana fuskantarsa, don in ya zame ya faɗo a kanta. Da suka fito, duk 'yan biki suna tsaye a cikin ciyawar arewa, a gefen da ba a taɓa ganin taro ba, amarya da fararen kayanta a tsakiyarsu. Mista Cobbold yana gaba, hularsa a hannu, fuskarsa kamar toka. Ya buɗe baki, Hester ta girgiza masa kai, ya rufe. Enoch ya ɗauki sandarsa, ya ratsa ta tsakiyarsu bai dubi kowa ba. Uwar amarya dai ba ta yafe ba. Har ta mutu, duk wata rigima da ta tashi a gidan 'yarta, sai ta ce ai dama an fitar da ita ba amo.

Bayan an watse suka kwantar da ƙararrawa. Hester ta sake hawa da Wilf, ta ɗaura biyar, sannan ta durƙusa a ƙarƙashin Margery ta duba na shida. Ƙullin daidai yake, irin wanda ya koya mata, babu kuskure ko ɗaya a yadda aka sarƙa shi. Ƙarfin ja ne babu. Ta sa yatsa, ya shige tsakanin fata da ƙarfe.

Wilf ya leƙo. "Wannan ba zai kai ba. Ja shi, minti nawa ne."

"Na yi masa alkawari."

"Yo ta ina zai sani? Mutumin da ko aradu ba ya ji."

Hannunta ya daɗe a kan fatar. Sannan ta janye shi, ta miƙe, ta ce su sauka.

Da la'asar aka kawo Amos. Hester ta tsaya a gurbinsa, ta kama igiyar Margery da kafaɗar da ta riga ta kumbura. Suka fara. Bugu shida suka sauko a buɗe ɗaya bayan ɗaya, shida suka amsa can ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya taɓa binne nasa a Orsby ya san abin da wannan kiɗan ke yi wa ƙirji. Daga inda take tsaye tana hango ubanta a bencinsa, cikin baƙar kwat ɗinsa ta Lahadi, tafinsa a shimfiɗe a bango, idonsa a rufe. Kowane zagaye tana jiran bugun Margery na biyu, in ya fito a dushe sai ta saki numfashi.

An fito da akwati ana nufar kabari ke nan, ta ji wani abu ya faɗi a sama, ɗan ƙaramin sauti. Da Margery ta zagayo, sai ta yi magana da cikakkiyar muryarta a inda ya kamata ta yi raɗa. Biyar suna amsawa a hankali, ita kaɗai tana rangaɗawa. Mazan suka dube ta. Tsayawa a tsakiyar jana'iza ya fi muni, don haka ta gyaɗa musu kai su ci gaba, suka kai Amos har ƙasa a haka. Ba ta ƙara duban benci ba.

Da aka gama, mutane suka bi iyalan mamaci shan shayi. Coci ya yi shiru. Ta naɗe igiyarta, ta je ta zauna kusa da shi, ta taɓa gwiwarsa, ya buɗe ido.

"Ƙullinka ya riƙe, Baba," ta ce. "Har ƙarshe."

Ya daɗe yana kallon bakinta.

"Kunnena ne ya mutu, 'yar nan, ba hannuna ba." Ya cire tafinsa daga bangon, ya dube shi. "Tun ba a kai shi bakin rami ba ya kwance. Ke kin ga ba ƙarfi, ko?"

"Na gani."

"Kika bar shi."

"Ka ce in bar shi."

Ya gyaɗa kai. "Da Amos yana nan, da ya samu abin faɗa na shekara guda." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ya sa hannu a aljihun ciki, ya daɗe yana lalube, ya fito da mabuɗin, baƙi, dogo, kansa ya siɗe don shafa. Ya kamo hannunta ya buɗe, ya sa mata, ya naɗe yatsunta a kai da nasa yatsun. Sannan ya dogara sanda ya miƙe, ya fita ta 'yar ƙofar kudu, yana sunkuyar da kai kamar yadda kowa ke yi a wurin.

Hester ta zauna ita kaɗai. Tun hunturu take neman mabuɗin nan, ta roƙa, ta yi faɗa, har aljihunsa ta taɓa lalubawa yana barci. Ga shi yanzu a hannunta da sauran ɗumin jikinsa, ta ga ba ta son sa ko kaɗan. Ta kifa fuskarta a kan jikin benci ta yi kuka.